Ranar da Na Ci Jaka Saboda Ragon Hajiya Talatu

Kwanakin baya wasu samari suka zo wurina a Malumfashi sayen jakunkunan takarda, wai dambun nama suke sayarwa ta waya. Ina cikin ɗaure musu kaya sai ɗayansu ya ɗauki jaka, ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce wa abokansa, "Wannan ai ko ƙanwata za ta iya. Ninke takarda ne kawai da shafa gam." Ban yi musu da shi ba. Na miƙa masa takarda da kwanon sitaci, na matsa masa a kan tabarma. Ya yi ta fama har gumi ya keto masa, abin da ya fito kuwa ya fi kama da hular da mota ta taka. Muka zuba wa jakar wake kaɗan, gindinta ya buɗe, waken ya watse a ƙafarsa. To, saboda shi da ire-irensa nake wannan bayani. Sunana Sale, kuma a kan ninke takardar nan gemuna ya yi fari.

Aikin farko da aka fara ba ni a sana'ar nan shi ne ɓare buhun siminti. A Funtua ne, wurin Baba Lamidi, wani Bayarabe haifaffen garin, wanda in yana zagi da Hausa sai ka rantse kakansa ne ya kafa Maska. Buhun siminti na takarda falle-falle ne. Za ka farke ɗinkin, ka raba fallayen, ka ware na ciki da ya sha siminti, ka karkaɗe sauran, ka goge su da busasshen tsumma. Kafin azahar na zama fari fat tun daga gashin ido har tafin ƙafa. Ranar farko da na koma gida, kakata ta gan ni a bakin zaure ta yar da tsintsiya ta shige ɗaki tana neman tsari. Haka na daɗe ina yi kafin Baba Lamidi ya yarda in taɓa sitaci.

Doka ta farko a wurinsa ita ce sanin takarda. Ta siminti ta ƙusa ce da sabulu da iri, ba ta kusantar abinci. Abin da za a ci kuwa sai takardar buhun madara ko ta sukari da muke sayowa daga gidajen burodi. Baba Lamidi da hanci yake rarrabe su. Ko ka goge takarda kamar me, zai shinshina ya ce, "Sale, wannan siminti ce. So kake ka gina wa mutane bene a ciki?" Sai ya jefo maka ita a ka.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Akwai wuƙa, akwai buroshi, akwai katakai da ake naɗa takarda a jikinsu, na mudu da na rabin mudu da na gwangwani. Sai ƙashin haƙarƙarin saniya da muke murza ninki da shi don ya kwanta. Nawa yana nan, ya yi santsi har yana ƙyalli, na kuma taɓa korar wani kare da ya zo ya yi masa kallon gadon ubansa. Babban abin shi ne sitacin rogo. Dama shi ake yi kamar koko. In ya yi ruwa takarda ta yamutse, in ya yi kauri ya bushe ya tsage, in ya kwana ya yi tsami ya ƙi kamawa. Wasu masu sana'ar suna zuba masa maganin ƙwari don gara, amma Baba Lamidi ya haramta mana. Cewa yake abin da zai rungumi abincin mutane dole shi ma ya zama abin da baki zai iya taɓawa.

Jarrabawarsa kuwa ba ta da daɗi. In ka gama jaka ta bushe, sai ya cika ta da tsakuwa, ya ce ka zauna, ya riƙe ta a saman kanka ya yi ta girgizawa. In gindin ya riƙe ka ci. In ya buɗe, kai da kanka za ka san inda ka yi ha'inci. Ni dai na sha ruwan tsakuwa har na fara zuwa aiki da hula biyu.

Da na samu 'yancin kaina sai na dawo Malumfashi. Wani dattijo, Malam Audu, ya ba ni zauren gidansa in riƙa aiki, bai taɓa karɓar ko sisi a hannuna ba. Da Allah ya yi masa rasuwa na ɗauka zamana ya ƙare, amma matarsa Hajiya Talatu ta aiko cewa in ci gaba. Mace ce mai faɗa, muryarta tana kaiwa layi na uku, amma ba ta da mugunta. Ita ke riƙe da jikokinta marayu, kuma abin da take riƙe su da shi kiwo ne. Duk shekara takan sayi ɗan rago ɗaya, ta yi ta ɗura masa dusa da harawa da kanwa, in Babbar Sallah ta matso ta sayar, ta sayi hatsin da gidan zai ci har wata shekara. Ragon nan shi ne rumbunta, kowa a unguwa ya san haka.

A zauren nan na ga masu saye iri-iri. Masu tsire da balangu su ne na kullum, don takarda tana shanye mai, nama ya isa gida da zafinsa ba tare da ya jiƙe ba. Masu kilishi sun fi kowa tsanani, domin kayansu tafiya suke yi har kudu, kuma kilishi in bai sha iska ba sai ya yi fumfuna. Akwai Madam Ifeoma mai kayan gini, wadda ke son jakar ƙusa mai falle biyu, kullum sai ta ce na yi tsada, kullum kuma sai ta dawo. Bayan kaka manoma daga Kafur da Ƙarfi sukan zo sayen jakar ajiye iri, musamman waken suya da kuɓewa, su rataye a ɗaki har damina. Takarda tana numfashi, iri ba ya gumi a cikinta. Ba na ce komai take iyawa ba. Wani bawan Allah daga Maska ya taɓa zuwa wai in yi masa jakar da zai zuba kunun zaƙi ya kai gona. Na ce masa ya je ya sayi buta. Ya tafi yana cewa ban iya aiki ba.

Maƙiyan sana'ar nan uku ne, ruwa da gara da dabba. Ruwa kana ganin hadarinsa, gara kana iya ɗaga kaya daga ƙasa. Amma akuya da tunkiya, in suka ji ƙamshin sitaci, ko kana salla sai sun zo. A wurinsu ni ba mai jaka ba ne, mai abinci ne da ke musu rowa.

Sai shekarar da leda ta cika gari. Da ma tana nan jefi-jefi, amma a shekarar nan ta zo kamar an buɗe mata ƙofa. Baƙa, fara, mai zane, kuma kyauta ake ba ka in ka sayi ko barkonon naira ne. Wa zai sayi jakata? Masu ƙosai suka fara guduwa, masu gyaɗa suka bi su, har mai tsiren da nake yi wa kallon ɗan'uwa ya koma wucewa ta bayan layi don kada mu haɗa ido. Daga baya da yawansu sun dawo da ƙafarsu, bayan kilishi ya ruɓe musu a hanya, manoma kuma sun shuka irin da ya kwana a leda ya ƙi tsirowa. Amma wannan daga baya ne. A shekarar nan dai sai in wuni ina korar ƙuda, in ga jakunkunana a jere kamar 'yan zaman makoki. Na ji tsoro ƙwarai, don ban iya wata sana'a ba.

Ledar kuma ba ta tsaya a kasuwa ba. Ta toshe kwatoci, ta rataye a bishiyoyi, ta bi juji har gona. Mu nan juji taki ne, ana kwasarsa a kai gona. Takarda in ta shiga juji, damina ɗaya ta zama ƙasa. Leda kuwa sai garma ta tono ta bayan shekaru tana nan yadda take. Abin da ya fi tayar wa mutane hankali shi ne dabbobi. Akuya ta lashi ledar da aka zuba ƙosai, ta haɗiye, ta yi ta ramewa ciki na kumbura har ta faɗi. Mahauta suka riƙa ciro dunƙulen leda daga tumbi kamar ƙwallon yara. Tsoro ya shiga matan da ke kiwo, har ya zama a wurinsu duk abin da aka ƙunsa kaya da shi guba ne, ba ruwansu da ko leda ce ko takarda.

Ana cikin haka, Sallah ta kusa, wani mai kilishi ya tuna da ni ya ba ni aiki mai ɗan yawa, irin wanda na daɗe ban gani ba. Na dama sitaci cike da roba, na zauna tun safe ina yi. Zaure ya cika, sai na shiga da sauran jakunkunan tsakar gida na shanya a rana, na ajiye robar sitacin a gindin bango. Ragon Hajiya na shekarar yana ɗaure a turkensa, wani ƙato fari mai baƙin wuya, yana kallona ina kallonsa. Na auna igiyarsa da ido, na ga ba za ta kai ba, na tafi masallaci sallar azahar.

Igiyar kam ba ta kai ba. Turken ne ya taho gaba ɗaya. Da na dawo na tarar da tsakar gida kamar an share, babu jaka ko ɗaya, robar sitaci kuma an lashe ta tas har tana ƙyalli. Ragon yana tsaye da guntun takarda a leɓe, turke na jan ƙasa a bayansa. Hajiya ta tafi barka, yaran suna makaranta. Na tsaya ina tunanin abin da zan faɗa wa mai kilishi, ban san wannan ƙaramar damuwa ce ba.

Kafin la'asar ragon ya kwanta. Cikinsa ya kumbura ta gefen hagu, in ka buga sai ya yi ƙara kamar ganga, yana nishi, ido ya yi ja. Hajiya ta dawo ta gan shi, ta saki salati da ya tara unguwa.

"Sale! Me ka ba shi?"

"Hajiya, ban ba shi ba, shi ya ɗauka. Jakunkuna ne da ɗan sitaci."

"Jakunkuna? Innalillahi! Ka kashe ni, Sale. Abin da ya kashe akuyar Lantana ke nan, abin da ya kashe tunkiyar gidan liman ke nan!"

"Hajiya, waɗancan leda suka ci. Wannan takarda ce."

"Duk ba abin ƙunshi ba ne? Na bar ka a zauren nan don darajar mai gidan, ashe ajalin abincin marayuna nake kiwo. Wallahi in ragon nan ya mutu, ko tsinken takarda kada in sake gani a ƙofar gidana."

Ban san wanda ya kira Mati mahauci ba. Ina jin ba wanda ya kira shi, irinsu daga nesa suke jin nishin dabba. Sai ga shi ya shigo da wuƙa a naɗe cikin tsumma, fuskarsa cike da jimamin da bai kai zuci ba. Ku yaran yanzu da kuke sayen nama a gashe, ku fahimci abin da ke nan. Dabba in ta mutu ba a yanka ba ta zama mushe, sai a ja ta a kai bayan gari, ko fatar ba mai murna da ita. Saboda haka in aka ga za ta tafi, sai a yi maza a sa mata wuƙa. Amma naman gaggawa mahauci ne ke yanka masa farashi, kuma abin da zai bayar ba zai sayi hatsin wata biyu ba, balle na shekara. In an yanka, Hajiya ta yi asarar mafi yawa. In an jira ya mutu, ta rasa duka. Ni kuma ko ta wace hanya zaure ya tafi.

Mati ya durƙusa ya danna cikin ragon, ya girgiza kai. "Hajiya, a yi haƙuri, a ba ni dama tun yana motsi. Na ga irin wannan ya fi a ƙirga."

Na ce, "Mati, ka taɓa ciro takarda daga tumbi?"

Ya ce, "Ni ba na karanta abin da na ciro, Malam Sale."

Mutane suka yi dariya, Hajiya ba ta yi ba. Na rantse, na yi bayani, na ce takardar buhun madara ce, sitacin kuma rogo ne zalla, ƙoshi ne kawai ya yi wa ragon yawa. Ba wanda ya saurare ni. Na ga Hajiya ta kalli Mati, ta buɗe baki za ta ce a yanka. Ban san lokacin da na ruga zaure na ɗauko jaka 'yar rabin mudu ba. Na tsaya a tsakiyar mutane, na ce, "Hajiya, ki dube ni." Na yi bisimilla na yage ta da haƙori.

Duk wanda ya ce muku takarda tana da daɗi, rago ne. Loma ta farko ta manne mini a dasashi, na yi ta tauna tana ƙara yawa a baki. Wajen gindin ne kawai, inda sitaci ya taru, ke da ɗan ɗanɗano. Na nemi ruwa aka ba ni, na tura, na sake yagowa. Har Mati ya saki baki. Da na haɗiye ta ƙarshe na ce, "To, ga shi. In guba ce, ni zan riga shi. A ba shi ruwan kanwa, a jira zuwa magariba."

Wata tsohuwa daga bayan mutane ta ce, "Ai ba a yi adalci ba. Ragon ya ci tuli, shi ya ci ɗaya."

Nan take unguwa ta goyi bayanta. Aka shiga lissafin wai ni da ragon wa ya fi nauyi. Aka ɗebo jakunkuna daga zaure aka tara a gabana, har da mai zaɓo mini 'yar mudu wai ta fi laushi. Hajiya ta dube ni, ta dubi ragon, ta ce, "Mati, dakata. Amma kada ka yi nisa." Aka ɗura wa ragon ruwan kanwa, aka shimfiɗa mini tabarma a gefensa, na zauna na ci gaba da kiwo.

Labari ya zaga gari cewa Sale mai takarda ya haukace yana cin jarinsa. Mutane suka cika gidan har kan katanga. Madam Ifeoma ta rufe shago ta zo, ta tsaya tana cewa, "Oga Sale, ka ci a hankali mana, ba a gasa da dabba." Wata mai talla ta samu kasuwa a bakin ƙofa, tana ƙulla wa 'yan kallo gyaɗa a leda, a gabana. Mati kuwa ya samu dutse ya zauna yana wasa wuƙa, in ya kalli ragon sai ya kalle ni. Duk wanda ya shigo sai ya danna cikin ragon, sannan ya tambaya ko a danna nawa.

Ina taunawa ina murmushi, amma idona na kan ragon. Takardar na tabbata da ita. Sitacin ne ban san iyakar abin da tumbin rago zai ɗauka ba, ga shi ya sha roba guda. Rana tana sauka, inuwar katanga ta rufe mu, ragon ya miƙe wuya a ƙasa ya lumshe ido. Hajiya tana tsaye ba ta ko zauna ba, leɓenta na motsi, jikokinta sun riƙe mata zane. Mati ya tashi ya gwada kaifin wuƙa a farcensa, ya ce, "Hajiya, lokaci fa."

Sai ragon ya yi wata gyatsa da ban taɓa jin irinta ba, ta biyo da wata iskar ta ɗaya ɓangaren, wadda ta sa 'yan kan katanga suka dira waje. Cikin ya sassauta kaɗan. Muka ga wani abu ya taho ta wuyansa, muƙamuƙinsa ya fara juyawa. Tuƙa yake yi. Duk mai kiwo ya san dabbar da ke tuƙa ba tafiya za ta yi ba. Ya ɗaga gindi, ya dafa gwiwa, ya miƙe yana tangaɗi, ya girgiza jiki. Sannan ya tako a hankali har inda nake, ya fizge rabin jakar da ke hannuna ya ci gaba da abinsa.

Gidan ya kaure da ihu da dariya. Ni dai na kasa tashi, cikina ya yi tauri kamar an cusa mini filo, na kwanta a tabarmar ina nishi. Daga nan kwance na hango Hajiya. Matar da muryarta ke kaiwa layi na uku ta sulale ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi tana kuka ba sauti, kafaɗunta na rawa. Sai a lokacin na gane irin tsoron da ta wuni da shi, tausayinta ya kama ni har na manta da nawa cikin.

Mati ya naɗe wuƙarsa cikin tsumma da fuskar wanda aka yi wa ƙwace. Har ya kai bakin ƙofa sai ya juyo, ya nuna ni da haɓa, ya ce, "To Hajiya, wancan ya tashi. Shi wannan na kwancen fa, a yanka ko a jira?"

Hajiya ta share ido da gefen mayafi, ta dube ni. Ta ce, "A jira. A kawo masa sauran ruwan kanwar. Shi ma na gidan nan ne."